Faɗin tirafiziyam: ƙa'ida ko tsagawa biyu?

Duk shekara idan jarabawar WAEC ta ƙarato, ɗalibai sai sun tambaye ni wace hanya za su bi wajen lissafin faɗin filin tirafiziyam: ƙa'ida ko tsagawa biyu. Tirafiziyam dai siffa ce mai gefe huɗu, biyu daga ciki suna tafiya daura da juna ba sa haɗuwa.

A ce gona ce, gefe ɗaya mita 60, na daura da shi mita 40, tazarar tsakaninsu a miƙe, wato tsayi, mita 30. Mai bin ƙa'ida zai haɗa 60 da 40, ya raba biyu ya samu 50, ya ninka da 30: murabba'in mita 1,500. Mai tsagawa kuwa zai ja layi daga kusurwa zuwa kishiyarta, alwatika biyu su fito, ɗaya 900 (rabin 60 sau 30), ɗaya 600 (rabin 40 sau 30). Amsa ɗaya ce.

Wajen sauri, ƙa'ida ba ta da na biyu. Amma tarkonta shi ne haddar aku: yaro ya manta rabawa biyu, ko ya ɗauki karkataccen gefe a matsayin tsayi. Wannan na biyun ya fi cin maki, kuma tsagawa ma ba ta tsira daga gare shi ba, gaskiya. Sai dai mai tsagawa yana ganin inda rabin nan ya fito, don haka ko ƙa'ida ta ɓace masa zai sake gina ta. Lokaci kawai tsagawar take ci.

Wanda ke zauren jarabawa agogo na binsa, ya riƙe ƙa'ida. Mai koyon farko, da mai awon filin da gefunansa suka wuce huɗu, tsagawa ta fi musu.