Filasibo a Ɓoye ko a Bayyane: Wanne Ya Dace?

Ana yawan tambayata ko likita ya ɓoye wa majiyyaci cewa ƙwayar da ya ba shi filasibo ce, wato babu magani a cikinta, ko ya gaya masa gaskiya. Ɓoyewa tana ƙarfafa sa rai har ƙwaƙwalwa ta saki sinadarin endofin mai rage zafi, amma ranar da asiri ya tonu, amana ta rushe, kuma wannan hasara ce babba a ganina. Bayyanawa ba ta kashe tasirin, domin a binciken Ted Kaptchuk na Jami'ar Harvard a 2010, masu ciwon hanji sun samu sauƙi alhali an rubuta filasibo a jikin kwalbar. Sai dai a cikin hanyoyin biyu, babu wadda ke kashe ƙwayoyin cuta. Ɓoyewa ta dace da gwajin sabon magani bisa amincewar mahalarta, bayyanawa kuwa ta dace da mai daɗaɗɗen ciwo da likita ke bibiya.