Bashin NIRSAL ko Survival Fund: wanne ya riƙe ɗan kasuwa lokacin korona?

Hajiya, kin tambayi wanne ya fi taimakon mai ƙaramar sana'a a 2020, bashin NIRSAL ko tallafin Survival Fund, kuma wanne ya kamata a nema in irin haka ta sake faruwa. Ga yadda nake ganinsu.

Na farkon bashi ne. Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 a watan Maris na 2020, ya bi da su ta bankin NIRSAL. A lokacin, magidanci na iya samun har miliyan 3, mai kamfani har miliyan 25, kuɗin ruwa kashi 5 cikin ɗari, da sharaɗin zai koma kashi 9 daga baya. Na biyun kuwa kyauta ne daga gwamnatin tarayya, biliyan 75, amma sai watan Satumba aka fara rajista. A ciki akwai albashin ma'aikata na wata uku, dubu 30 zuwa 50 kowane wata, da dubu 30 sau ɗaya ga masu sana'ar hannu da direbobi, da rajistar sunan kasuwanci kyauta a CAC, hukumar rajistar kamfanoni.

To a ido, kyauta ta fi. Sai dai ki duba lokaci. An kulle Kano tun tsakiyar Afrilu, azumi ya kama cikin kulle, telan da ke jiran ɗinkin Sallah ya tashi a tutar babu. Kafin Satumba, wanda zai sallami yaransa ya riga ya sallame su. Sannan kuɗin albashin asusun ma'aikaci yake shiga kai tsaye, ba ya biya haya, ba ya sayo yadi. Ya dai sauke wa mai gida nauyi ɗaya. Makarantun kuɗi, da suka yi watanni ba ɗalibi ba kuɗin makaranta, su ya fi dacewa da su.

Bashin kuma ya fi kauri, kuma a nan aka fi yin ɓarna. Mai shagon da ke sayar da shinkafa, mai da magani, wanda kayansa ke fita ko ana kulle, bashin ya zame masa jari, ya juya ya biya. Wanda cinikinsa ya tsaya cak kuwa, cefane ya yi da shi, wani ma ya ƙara aure (kowa ya san irinsu), don da yawa sun ɗauka rabon gwamnati ne. Da wa'adi ya cika aka bi lambar BVN ana zare kuɗi daga duk asusun da mutum yake da shi, ko a wane banki ne. Akwai kuma waɗanda tun farko suka ƙi shiga saboda riba, har sai da aka buɗe kafar bashin da babu kuɗin ruwa.

Ni dai, ga mai shagon ɗinki irin naki, kyautar zan nema ko ta makara, bashin kuma sai in da odar da aka riga aka ba ni a hannu. Abin da ya fi duka biyun saurin aiki a wancan lokaci shi ne karɓo bashin da ke hannun kwastomomi, rage sarin kayan da ke kwanciya, da zama da wanda ya ba da hayar shago a raba haya kashi-kashi. Ki kuma yi rajistar CAC tun yanzu, ki riƙa biyan yaranki ta banki, domin da waɗannan takardun aka tantance masu samun kuɗin albashin.