Baldur's Gate 3: Bos ɗin da na kashe ina jin nauyinsa

Na gama Baldur's Gate 3 bayan sama da awa 110 a gaban kwamfuta, kuma abin da ya fi zauna mini a rai cikin duk wannan doguwar tafiya wata 'yar guntuwar takarda ce da na ciro daga jikin gawar wani tsohon janar. Zan dawo kanta. Amma tun yanzu in faɗa: wanda bai buga gem ɗin ba kuma yana da niyya, ya dakata a nan, don zan tona labarin kusan gaba ɗaya.

Kamfanin Larian na ƙasar Beljiyam ne ya fitar da shi a watan Agustan 2023, a kan dokokin wasan tebur na Dungeons & Dragons, kuma shi ya lashe kambun gem ɗin shekara a bikin The Game Awards. RPG ne na asali: kai za ka ƙirƙiri jaruminka, kai za ka zaɓi abin da zai faɗa, faɗan kuwa bi-da-bi ake yi, ana jefa ƙwayar lido mai fuska 20 ta yanke ko ka dace ko ka yi asara. An dasa maka wata tsutsa a ƙwaƙwalwa, kana neman wanda zai cire ta, sai ka tarar bayanta akwai wata sabuwar ƙungiyar bauta da mutum uku ke juyawa: Ketheric Thorm, Enver Gortash da Orin. Kowannensu na yi wa ɗaya daga cikin gumakan labarin aiki. Zane da sauti da tsarin faɗa an sha yabonsu, ba ni da abin ƙarawa. Ni mugayen na zo dubawa, don a wurina gem irin wannan ba ya wuce ƙarfin bos ɗinsa, wato babban abokin gaban da za ka kayar.

Ganin farko da na yi wa Ketheric, tsohon janar ɗin da na ambata, a hasumiyar Moonrise ne, yana zaune yana yi wa wasu goblin, ƙananan dodanni, shari'a kan aikin da suka kasa. Ɗaya daga cikinsu ta ga mutuwa ta tabbata, sai ta fizgi makami ta wurga masa a ƙirji. Tsohon ya miƙe a hankali, ya zare makamin daga jikinsa, ya yar mata a ƙasa, ya ce ta sake gwadawa. Ba tsawa, ba dariyar mugunta irin ta bosawan da muka saba. J.K. Simmons ne ya yi muryarsa, kuma ya yi ta ƙasa-ƙasa, kamar mutumin da ya gaji da komai har da ransa. A lokacin na ɗauka burga ce kawai, a nuna mini ba ya mutuwa. Sai daga baya na gane gajiyar ta gaske ce.

Labarinsa ba a zaunar da kai a karanta maka shi. Kai za ka tsinto shi da ƙafarka. Kafin ka kai gare shi ka riga ka ratsa yankin Reithwin da la'anar duhu ta cinye, inda in ba ka riƙe da haske ranka ke tsiyayewa da kaɗan-kaɗan. Ka ga gidajen da aka bari, ka ga danginsa uku da la'anar ta lalata: mai karɓar haraji da ta rufe jikinta da zinare, mai gidan giya da ya kumbura kamar zai fashe, da likitan da ke koya wa ma'aikatan jinyarsa yankan mutum da ransa. Dukkansu ukun kana iya gamawa da su da baki kawai, ba tare da zare takobi ba, kuma nan ne na fi dariya a sashen da ba shi da abin dariya. Sannan ka gangara hubbaren gidan Thorm, inda zane uku ke jikin bango, sai ka danna su bisa tsarin rayuwarsa ƙofa za ta buɗe: ɗaukaka, rashi, sai shahara da mugun suna. Wato gem ɗin ya sa ka jera tarihin mutumin da hannunka kafin ya ba ka hanya.

Ga abin da ya faru. Ketheric mabiyin Selûne ne a da, gunkiyar wata, mutum mai iyali da mutunci. Matarsa Melodia ta mutu, ya daure. 'Yarsa Isobel ta mutu, daurewar ta ƙare. Ya juya wa Selûne baya ya koma ga 'yar'uwarta Shar, wadda ke yi wa masu baƙin ciki alkawarin mantuwa, ya tara mata runduna, har sai da ƙungiyar Harpers da masu tsafin daji suka haɗu suka kayar da shi, kimanin shekara 100 kafin gem ɗin ya fara. La'anar duhun ita ce abin da ya bari a baya. Mantuwar ba ta samu ba, sai ya sake sauya ubangida, ya koma ga Myrkul, gunkin matattu, wanda ya ba shi abin da sauran biyun ba su ba shi ba: ya dawo masa da Isobel.

Yarinyar ta farka, ta kalli abin da ubanta ya zama, ta gudu. Ita ce ma ke riƙe da kariyar masaukin Last Light, wuri ɗaya tilo da mutane ke fakewa daga la'anar babanta. Kuma rashin mutuwar da yake taƙama da shi, daga jikin Aylin yake zuƙarsa, wadda ya ɗaure shekara 100, alhali ita ce wadda Isobel ta fi ƙauna a duniya. Garin neman gira ya rasa ido, ya kuma tsone na kowa da ke kusa. A ɗakinsa na hasumiya na tarar da karyar gidansa, ita ma ya tashe ta daga mutuwa, ƙasusuwa ce ke gadi, da wasiƙar matarsa a ɓoye. Mutumin nan bai iya sakin komai ba, ko da kare ne.

Abin da ya burge ni shi ne gem ɗin bai wanke shi ba. Ruwa ba ya tsami banza, an nuna maka dalilin tsaminsa, amma an riga an sa ka sha ruwan tsawon awa 20 ko fiye, ka ga yaran da suka zama inuwa da iyalan da suka ƙare. Tausayinsa yana zuwa ne bayan ka gama lissafin ɓarnarsa, shi ya sa tausayin ke da nauyi. A karo na ƙarshe na yi masa magana da sunan matarsa, ƙwayar lido ta faɗo mini daidai, ya amsa cewa ya san ya yi nisa, ya saki jiki ya faɗa rami. Myrkul bai bar shi ya huta ba, ya fito da kansa a siffar wani ƙaton ƙwarangwal mai lauje, na sha wuya kafin na kayar da shi. Da na duba gawar sai ga takardar nan, a yamutse, rubutun yarinya ƙarama tana gaya wa babanta tana son shi. Na ɗan jima hannuna na kan linzamin kwamfuta ban danna komai ba.

Ba shi ne na farko a wannan layi ba. Loghain na Dragon Age: Origins, na 2009, ya janye rundunarsa a Ostagar ya bar sarkinsa ya mutu, saboda ya girma ƙarƙashin mamayar daular Orlais kuma ya gwammace komai ya lalace da su sake shigowa ƙasarsa. Sephiroth na Final Fantasy VII, na 1997, ya kulle kansa a ɗakin littattafan da ke ƙarƙashin gidan Shinra yana karanta yadda aka samar da shi, ya fito ya banka wa Nibelheim wuta. Amma kada a ce dole sai da raunin zuciya bos ke tsayuwa. Kefka na Final Fantasy VI, na 1994, ya zuba guba a ruwan Doma yana ƙyalƙyala dariya, kuma kusan duk tarihinsa magana ɗaya ce daga bakin wani mutum a birnin Vector, cewa gwajin sihiri ne ya taɓa masa ƙwaƙwalwa. Har yau ana tuna shi. Shi aikinsa ne ke cika allon, kana gani da idonka duniya ta wargaje a hannunsa.

A nan ne sashe na uku na Baldur's Gate 3, wanda ke biyo bayan mutuwar Ketheric, ya ɗan sage mini gwiwa. Gortash yana da tarihin da ya isa ya goga da na Ketheric. Sunansa na yanka Enver Flymm, ɗan masu ɗinkin takalma, iyayensa suka sayar da shi don biyan bashi, ya tashi a gidan shaiɗanin nan Raphael. Da ya girma shi ma ya sayar da Karlach, mai tsaron lafiyarsa, ga shaiɗaniya Zariel. Wanda aka sayar ya koyi sayarwa. In ka shiga shagon iyayensa a cikin birnin Baldur's Gate za ka same su suna ta yabonsa, don ya dasa musu tsutsa, sai ka leƙa zuciyar uwar ka ji ainihin matar tana ihu daga ciki. Wannan wuri ya kai matuƙa, amma a gefen hanya yake, da yawa za su gama gem ɗin ba su taɓa shiga shagon ba. Shi kansa Gortash sau kaɗan kuke zama, ya yi maka tayin ƙawance a wurin naɗinsa a ganuwar Wyrm's Rock, sai ya ɓace cikin tarin ayyukan birnin. Jason Isaacs ya ba shi murya mai daɗi, lokacin ne ya yi kaɗan.

Orin kuwa ta gajiyar da ni. Tana sauya kama, tana sace ɗaya daga cikin mutanen sansaninka, kuma karon farko da ta cire fuskar wani a gabana na razana da gaske. Zuwa karo na uku na riga na san zancen: jini, wuƙa, jini. Jikar Sarevok ce, bos ɗin Baldur's Gate na farko na 1998, an raine ta cikin bautar Bhaal, gunkin kisa, tun tana ƙarama, barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Sai dai ainihin abin da ke cinta, hassada, ba ya fitowa sosai sai ka zaɓi jarumin da ake kira Dark Urge. A nan za ka gano kai ne shugaban ƙungiyar a da, kai da Gortash kuka ƙulla makircin, ita kuma ta fasa maka kai ta ƙwace kujerar. Wanda ya ƙirƙiri nasa jarumin, kamar ni a zagayen farko, rabin Orin kawai aka ba shi.

Abin mamaki, wani bos na gefe ya fi su biyun shiga raina. Cazador, mai shan jinin da ya bautar da Astarion, ɗaya daga cikin abokan tafiyarka, shekara 200, na shiga fadarsa ina ganin mugu ne kawai. A ɗakinsa na ƙasa akwai ƙoƙon kan nasa ubangidan, Vellioth, da darussan azabar da aka koya masa. Minti biyu ne, amma sun sauya ma'anar tambayar da ke gaba: Astarion zai karɓi tsafin da ke cin rayuka 7,000 ya zama sabon Cazador, ko zai tsaya? Na hana shi, ya daddaɓa wa tsohon ubangidansa wuƙa, ya durƙusa yana kuka.

Ƙatuwar ƙwaƙwalwar da ake yaƙa a ƙarshe, wadda ke juya masu tsutsar, ba ta da tarihin da zai dame ka, girma ne kawai da barazana. Na kashe ta na ji daɗin gamawa, shi ke nan.

Duk da haka gem ne da ya cancanci kuɗinsa da lokacinsa, musamman ga mai haƙurin buɗe akwatuna da karanta wasiƙu. Mai gaggawa zai ga bosawa uku, mai bincike zai ga mutane. Shawarata ga wanda zai fara: kada ka tsallake hubbaren Thorm da ɗakin Ketheric, ka kuma nemi shagon takalman Flymm kafin ka je wa Gortash. Ni yanzu ina zagaye na biyu da Dark Urge, na kusa isa Moonrise, kuma an ce wannan karon tsohon zai gane fuskata.