Kafin ka sauke ƙaramar motarka ƙasa a Maraɗi: wane rasor za ka saya?

Duk wanda ya ga Yaris ko Golf an sauke ta ƙasa, taya ta cika bakin ramin da take zaune a ciki, ya san abin yana da kyau a ido. Ba kyau kawai ba ne, idan aka yi aikin daidai mota tana rage tangaɗi a kwana, gabanta ba ya nutsewa sosai lokacin taka birki, kuma direba yana jin ta a hannunsa. Wannan ya sa samari da yawa ke tambayar gajeren rasor, wato ƙarfen nan mai zobba da ke ɗauke da nauyin mota a kan taya, wanda ƴan kasuwar Katsina da Kano ke kira sifirin. Amma akwai hanyoyi da yawa na sauke mota, kuma ba duka ne suka dace da garinmu ba. Wasu ma ba su dace da ko'ina ba.

Abu na farko da za ka riƙe shi ne lissafin tazarar da ke tsakanin cikin mota da ƙasa. Yawancin ƙananan motocin da ake shigo mana da su daga Turai suna da tazarar da ba ta wuce santimita 13 zuwa 16 ba, kuma wannan lokacin da suke sababbi ne, babu kowa a ciki. Motar da ta shekara goma sha biyar ko ashirin tana aiki, rasor ɗinta ya riga ya gaji, ta zauna da kanta. Ka zuba mutum biyar, ka ƙara buhun gero a but, ta ƙara zama. Gajeren rasor na kamfani yana cire santimita 2.5 zuwa 4, wasu har 5. Ka cire wannan daga abin da ya rage, sai ka tambayi kanka ta ina kake bi kullum.

Idan zirga-zirgarka a kan kwalta take, daga gida zuwa wurin aiki, wani lokaci ka hau babbar hanya zuwa Tasawa ko Gidan Rumji, to kana da damar yin magana. Amma mutane nawa ne a Maraɗi kwalta ta kai ƙofar gidansu? Ka sauka daga kwalta ko pabe ka shiga lungu a unguwar Zariya ko ta Ali Ɗan Sofo, yashi ne ke jiranka. Shi kuwa yashin da motoci suka saba bi, tayoyi suna haƙa layi biyu su bar tudu a tsakiya, kuma wannan tudun ne ke goge cikin mota. Da zarar cikinta ya hau kansa, tayoyin gaba sun rasa nauyi, sai su yi ta juyawa a banza, sai neman yara masu turi. Da damina kuwa, musamman a watan Agusta, ruwa yana zaizaye bakin kwalta ya bar gaɓa mai kaifi, ga ramukan da ruwa ya rufe ba ka ganin zurfinsu. Ga kuma tudun rage gudu da ake yi a bakin makarantu da ƙauyukan kan hanya, wanda kowa da irin tsawon da yake ba nasa. Abin da ke fara taɓa ƙasa a ƙaramar mota shi ne kartar mai riƙe da baƙin man inji, sai salansa. Kartar ɗin wasu motoci ma ta alminiyam ce, ba ta lanƙwashewa, tsagewa take yi. Man ya zube ba ka lura ba, inji ya tafi.

Mu fara da hanyar da ta fi arha, domin ita ce ta fi yawa kuma ita ce nake roƙon kowa ya guje mata: yanke rasor ɗin asali. Za ka ji an ce maka, "Alhaji, zobe ɗaya da rabi kawai za mu cire, yau ɗin nan ka tafi da motarka." Rasor da aka yanke yana ƙara tauri, haka ne, amma ba wanda ya auna taurin, kuma da wuya na dama da na hagu su fito daidai. Mafi muni, bakin rasor an lanƙwasa shi ne musamman don ya zauna cikin mazauninsa. Idan aka yanke bakin, kuma tsawon ya ragu, ranar da taya ta faɗa rami ta miƙe gaba ɗaya rasor yana iya tashi daga mazauninsa ya karkace, ko ya caki taya. Masu gasa shi da wutar walda don ya zauna su ma sun lalata ƙarfen, domin zafin yana kashe ƙarfin da aka ba shi a masana'anta, zai ci gaba da zama har wata rana ya karye. Motar da ake ɗaukar iyali a cikinta ba wurin gwada wannan ba ne.

Hanya ta biyu ita ce gajeren rasor na kamfanin da aka sani, irin su Eibach da H&R na Jamus, ko Tein na Japan. Waɗannan an ƙera su ne don mota takamaimai, an lissafa tsawo da tauri tare, kuma bakinsu yana zama daram a mazaunin asali. Eibach yana da Pro-Kit, mai sauke mota daidai gwargwado, da Sportline mai sauke ta sosai. Don hanyoyinmu, na farkon ne kaɗai zan duba, kuma ko a cikinsa zan nemi wanda bai wuce santimita 3 ba. Yawancin irin waɗannan, zobbansu ba tazara ɗaya gare su ba: wasu sun matsu kusa da juna, wasu sun buɗe. Amfanin haka shi ne farkon motsi ya yi laushi a ƙananan gargada, sannan ya ƙara tauri idan nauyi ya danna shi. Duk da haka kada wani ya ce maka laushin motar ba zai canza ba. Zai canza, a kan pabe za ka ji shi a bayanka, kuma tsofaffin da kake kaiwa asibiti ko biki su ne za su fara faɗa maka.

A nan ne mutane suka fi yin asara, saboda suna sayen rasor su manta da amortisa, wato bututun nan mai mai a ciki da ke hana mota yin ta tsalle a kan rasor. Amortisa ta asali an yi ta ne ta yi aiki a tsakiyar tafiyarta. Idan ka sauke mota, sandarta ta riga ta nutse tun motar tana tsaye, abin da ya rage mata na nutsewa kaɗan ne, sai ta riƙa dukan robar da ke tare ta a ƙarshe. Kuma ba ta da ƙarfin da za ta riƙe rasor mai tauri, shi ya sa za ka ga mota tana ta tsalle bayan ta wuce tudu. Amortisar da ta riga ta sha hanya, in ka haɗa ta da gajeren rasor, ba ta jimawa take fara zubar da mai. Idan ragin bai wuce santimita 3 ba, sabuwar amortisa mai kyau irin ta asali, kamar KYB, tana iya ɗauka. Idan ya wuce haka, sai wadda aka gajarta musamman, kamar Bilstein B8. Don haka kuɗin da za ka lissafa ba na rasor huɗu ba ne kawai. Ka sa amortisa huɗu, robobin tarewa da rigar ƙura, kan amortisa na gaba idan ya fara ƙara, kuɗin aiki, da kuɗin daidaita tayoyi. Sau da yawa rasor ɗin ne mafi ƙanƙanta a cikin lissafin. In kuɗinka na rasor ne kaɗai, ka jira.

Akwai kuma wanda ake sayarwa a haɗe, rasor da amortisa wuri ɗaya, da zare a jikinsa da ake murɗawa a ɗaga mota ko a sauke ta. A takarda ya fi kowanne dacewa da mu, tunda kana iya ɗaga ta da damina. A aikace kuwa ƙurar hunturu da yashi suna shiga zaren, in ba ana wanke shi a kai a kai ba sai ya cije. Duk lokacin da ka canza tsawo kuma sai an sake daidaita tayoyi. Masu kyau suna da tsada ƙwarai, masu arha marasa suna kuwa tauri ne kawai gare su, kuma idan guda ya lalace samun abokinsa a nan aiki ne.

Batun na hannu fa? Ana samun gajeren rasor a jikin motocin da aka shigo da su, ko a wurin masu sayar da kayan Beljik. Yana iya zama alheri, amma ka wanke shi ka duba da idonka. Na kamfani yana ɗauke da suna da lamba a jikin zobe, kuma lambar gaba daban take da ta baya. Fenti ja ko shuɗi ba shaida ba ne, kowa yana iya fesawa. Ka duba zoben ƙasa, inda yake zama a mazauni, nan ne tsatsa ke ci saboda gishirin da ake zubawa a hanyoyin Turai lokacin sanyi, kuma nan ne yake karyewa. Ka tsayar da biyun gaba gefe da gefe a kan siminti, in ɗaya ya fi ɗaya tsawo ka ajiye su. Lambar nan kuma ka bincika ta a intanet ka tabbatar ta motarka ce. "Na Yaris ne" bai isa ba, domin Yaris ta 1999 zuwa 2005 daban take da wadda ta biyo ta, kuma mai injin gazuwal ta fi mai esans nauyi a gaba, rasor ɗinsu ba ɗaya ba ne. Ka tafi da kart giriz ɗinka, wato takardar rajistar motar, lambar shasi mai alamomi 17 tana ciki.

Masu Peugeot 206 su lura da wani abu: bayanta ba ta da rasor mai zobe, sandunan ƙarfe ne masu murɗewa. Gaba kaɗai ake canza wa rasor, baya sai an zare sandunan an mayar da su a wani matsayi, aikin da ke son makanike da ya saba da shi. Sannan tsofaffin motoci marasa ABS, wato tsarin da ke hana taya kamewa lokacin taka birki, irin wasu Golf 3 da 206, suna da wata na'ura a baya da ke ƙara ƙarfin birkin baya idan mota ta zauna saboda kaya. Ka sauke motar, na'urar ta ɗauka kaya aka loda, sai tayoyin baya su riƙa kamewa da wuri. Dole a sake saita ta. Wannan maganar rai ce, ka tambayi mai yi maka aiki ko ya san da ita, amsarsa za ta nuna maka ko za ka bar masa motar.

Wurin ɗaurawa, ka tsaya ka ga an yi amfani da abin matse rasor na gaske. Rasor da aka matse yana riƙe da ƙarfin da zai iya karya hannu ko fuska, kuma yaran gareji ne ke tsugunne a kansa. A ɗaure kusoshin hannuwan ƙasa, wato ƙarafan da ke haɗa taya da jikin mota, bayan an sauke motar ta zauna a kan tayoyinta, in ba haka ba robobin za su zauna a murɗe su yage da wuri. Bayan mako ɗaya ko biyu, idan rasor ya gama zama, a kai ta a yi mata paralelizim, wato daidaita tayoyi. Saukewa tana sa kan tayoyin gaba ya karkata ciki, tana kuma canza inda suke fuskanta, wanda ya tsallake wannan zai tarar gefen ciki na taya ya cinye alhali na waje yana nan sabo. A duba fitilun gaba ma, don saitinsu yana canzawa.

Janti da taya su ma suna cikin maganar, domin mai sauke mota yawanci yana son babban janti. Taya 175/65 R14 tana da gefe mai tsawon kusan milimita 114. Taya 205/40 R17 tana da 82 kawai. Wannan gefen shi ne katifar farko tsakanin janti da bakin rami. Ka haɗa gajeren rasor da siririyar taya a hanyar da ke da ramuka, janti zai lanƙwashe, taya ta yi ƙulli. In za ka sauke mota a nan, ka bar ta da janti 14 ko 15.

Zaɓin da ba a cika kawo shi cikin hira ba, kuma shi nake ba mafi yawan mutane shawara, shi ne sabon rasor mai tsawon asali da sabuwar amortisa. Da yawa daga masu cewa motarsu tana lilo a kwana ba tsawo ne matsalarsu ba, amortisa ce ta mutu da robobin da suka saki. Ka ajiye motar a wuri mai shimfiɗe, ka auna daga tsakiyar janti zuwa bakin bodi a kusurwa huɗu. In gefe ɗaya ya bambanta da ɗaya da fiye da santimita guda, rasor ya gaji. Ka leƙa amortisa, in ka ga jikinta ya jiƙe da mai ƙura ta manne, ta gama aiki. Gyara waɗannan kaɗai yana dawo da mota hannunka ba tare da ka rasa ko santimita ɗaya ba. Wanda ke zuwa ƙauye ganin gida, ko yana bin hanyar jar ƙasa, ko motarsa ce ke ɗaukar kayan kasuwa, ko yana taksi da ita, wannan ne nasa.

Wanda kuma kwalta ce hanyarsa, mutum biyu ko uku yake ɗauka, kuma zuciyarsa tana kan saukakkiyar mota, ya sayi na kamfani mai lamba, ragin santimita 2.5 zuwa 3, da sababbin amortisa, ya sa a ɗaura masa farantin ƙarfe a ƙarƙashin kartar, wanda aka bar masa ƙofar juye mai. Ya koyi hawa tudu a karkace, taya ɗaya bayan ɗaya, a hankali. Tsofaffin rasor ɗinsa kuma kada ya bar su a gareji, ya ɗaure su ya kai gida, domin ranar sayar da motar mai saye a Maraɗi zai fara leƙa ƙarƙashinta ne, kuma zai fi son a mayar masa da ita tsawonta na asali.