Hitar gas ta hannu: yadda ta yi mana aiki da dusar ƙanƙara ta tsare mu a Muskoka

Ƙaramar hita ce mai aiki da gas ɗin propane, wadda ake ɗauka da hannu ɗaya. Ba ruwanta da wutar lantarki ko batir: ka ɗaura mata ƙaramar silinda a gefe, ka murɗa makunni ya yi ƙas, bayan ɗan lokaci fuskarta ta yi jawur. Ba zan kama sunan kamfanin ba, domin akwai inda zan soke shi, kuma ire-irenta sun cika shagunan kayan gini a Kanada, ƙirarsu kusan ɗaya. Don gareji na saye ta, amma inda ta nuna halinta shi ne wani gidan hutu a bakin tafki kusa da Gravenhurst, a yankin Muskoka na lardin Ontariyo, a ƙarshen Nuwamba 2024.

Gidan na wani dattijo ne abokin aikina. Irin waɗannan gidaje na lokacin zafi ne, katako ne zalla, bangonsu ba ya riƙe ɗumi, don haka kafin hunturu sai an rufe su. Yawancin mutane a watan Oktoba suke yi. Shi rashin lafiya ce ta sa ya makara, ya roƙe ni in raka shi saboda aikin ya fi ƙarfin mutum ɗaya. Aiki ne kuwa. Za a ciro tiyon da ke jawo ruwa daga tafki, a buɗe kowane famfo a tsiyaye bututu tas, a juye tankin ruwan zafi, sannan a zuba wani ruwa mai launin hoda da ba ya daskarewa a masai da magudanar wanka. Dalili shi ne ruwa in ya daskare yana ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, kuma wannan ya isa ya fasa bututun tagulla. Ga kwashe firiji a bar ƙofarsa buɗe, ga toshe ramukan ɓeraye da soson ƙarfe.

Mun gama da ruwa ke nan sararin sama ya haɗe. Dusar ƙanƙarar wannan yanki tana da nata salon. A farkon hunturu ruwan Georgian Bay, wani ɓangare na babban tafkin Huron da ke yamma da yankin, bai riga ya daskare ba, sai iska mai sanyi ta bi ta kansa ta kwashi laima, ta zo ta juye a kan wani siririn yanki, alhali garin da ke can gaba kaɗan rana ake yi. A wannan karon Gravenhurst ce ta sha: kimanin santimita 140 ta zuba, aka rufe babbar hanya mai lamba 11 da motoci maƙale a kanta, hukumar garin ta ayyana dokar ta-ɓaci. Bishiyoyi suka karye a kan wayoyi, wuta ta ɗauke. Motarmu kuwa sai rufinta ake hange. Ga mu a gidan da mu da kanmu muka raba shi da ruwa, babu murhun itace, hitocin bango duk na lantarki ne.

Abu na farko da mai saye ya kamata ya sani: ɗaki ɗaya take ɗumamawa. Ƙarfinta daga BTU (ma'aunin zafi) 4,000 zuwa 9,000 ne, kuma an rubuta a kwalinta cewa tana isar wuri mai faɗin murabba'in mita 20 da 'yan kai. A falon gidan, mai dogon rufi da manyan tagogi, banza ce. Gwiwarka na gasuwa, bayanka na rawar ɗari. Da muka koma ƙaramin ɗakin kwana, muka rataya bargo a ƙofa, muka shimfiɗa katifu biyu a ƙasa, sai labari ya sha bamban. Cikin abin da bai kai awa ɗaya ba dattijon ya cire safar hannu yana iya riƙe kofi. Sanyin ma bai kai na Janairu ba, ƙasa da sifiri ne kaɗan, amma a gidan katako ga mai shekaru da ciwo, wannan kaɗan ɗin ba abin wasa ba ne.

Propane ɗin kansa ya burge ni. Muna da ƙaramin risho na yawon daji mai aiki da butane, wanda shi ne mafi yawan abin da ke cikin gas ɗin girkinmu na gida Nijeriya. Butane yana daina tashi ya zama iska da zarar sanyi ya kai wajen sifiri, don haka rishon sai ya yi fur-fur ya mutu. Propane kuwa sai sanyi ya kai digiri 42 ƙasa da sifiri kafin ya yi haka. A kan murhun gashin nama da ke waje, shi ma na propane, muka riƙa narka ƙanƙara. Ka danƙara tukunya har baki, ta narke ka ga ruwan bai fi na wanke hannu ba. Sai ka yi ta ƙari kafin ka samu na shayi da na alwala.

Yanzu ga inda nake da ƙorafi. Ƙaramar silindar, mai nauyin kusan rabin kilo, awa 2 da rabi zuwa 3 take yi in an ƙure wuta, awa 5 da ɗoriya in an rage. Kenan tsakar dare sai ka tashi ka canza, da tocila a baki, yatsu sun sandare, zaren murfin kuma siriri ne, in ka karkace kaɗan sai ka ji tsss. Silindar tana yin farin ƙanƙara a jikinta in ta daɗe tana aiki, wutar ta yi rauni alhali da sauran gas a ciki. Abin haushin, ga babbar tukunyar gas mai kilo 9 a jikin murhun gashi, wadda za ta haura awa 100 a ƙaramar wuta, amma tiyon da zai haɗa ta da hitar daban ake sayar da shi. Ban ga hujjar wannan ba. Kayan da mutane ke saya don ranar tsiya, a cire masa abin da ya fi muhimmanci a ranar? Wani maƙwabci mazaunin wurin ne ya ga hasken tocilarmu, ya zo a kan babur ɗin ƙanƙara, ya ara mana nasa. Muka bar tukunyar a waje kamar yadda ƙa'ida ta ce, muka zuro tiyon ta taga.

Sai laima. Duk kilo ɗaya na propane da ya ƙone yana sakin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi a iska. Da asuba gilashin taga na zubar da ruwa, bargon sama ya yi danshi, Alƙur'anin aljihuna takardunsa sun yi laushi. Wannan ba aibin kamfani ba ne, halin gas ne, amma babu wanda ya gaya maka a shago.

Batun da bai kamata a yi masa sakaci ba shi ne iskar nan mai guba, carbon monoxide. Duk wanda ya tashi a Arewa ya san labarin kaskon gawayi a rufaffen ɗaki lokacin jaura, a kwanta lafiya a wayi gari da gawa. Haɗarin ɗaya ne. Hitar tana da na'urar da ke kashe ta in iskar shaƙa ta yi ƙaranci, tana kuma mutuwa in an ture ta. Wannan na gani da idona, ƙafata ta ɗan taɓa ta kawai ta ɗauke. Amma takardar jikinta ta ce a yi amfani da ita inda iska ke shiga, kuma na'urar ba ta auna gubar kanta. Mun bar taga a buɗe kamar faɗin yatsu biyu, muka ciro ƙararrawar gidan mai batir da ke kuka in ta ji wannan guba, muka ajiye kusa da kawunanmu, muka riƙa barci bi da bi. Da na samu layi na kira gida, maganar matata ta farko ita ce: "Maigida, don Allah kar ka rufe tagar nan." Wanda ba shi da ƙararrawar, ban ba shi shawarar kunna wannan hita a ɗaki ba ko na minti goma.

Bayan motar share hanya ta iso muka haƙo tamu da shebur, sai ga tarin ƙananan silindu da suka ƙare a bayan mota. A Ontariyo ba a jefa su cikin shara ko kwandon kayan sake sarrafawa, sai an kai su wurin karɓar shara mai haɗari, kuma ba kowace unguwa ke da shi kusa ba. Tun daga lokacin na sayi tiyona, babbar tukunya nake cikawa.