Na je shagon littattafai neman kayan gaidans, ga yadda muka kwashe

Farkon tam ɗin nan firinsifal ta kira ni ofis ta ce Malama daga yau ke ce mai ba yara shawara, ni da Bayoloji nake koyarwa, abin da na sani na gaidans, wato ilimin ba ɗalibai shawara, bai wuce kwas ɗin da muka yi lokacin NCE ba, shi ma don a ci jarabawa muka haddace. Aka miƙo mani makulli na buɗe ɗakin, tebur ɗaya kujera biyu sai tsintsiyoyi da bokitai a lungu don da can sito ne. Ko fallen takarda babu. Shi ya sa ranar Asabar na tari napep daga Ƙofar Kaura na shiga cikin garin Katsina neman abin da zan fara da shi. Sunan shagon ba zan faɗa ba don akwai ƙorafi a maganata, amma ba shi da nisa da babbar kasuwa, dattijo ne ke zama a ciki da yaronsa mai kwamfuta.

Tarba dai ba laifi wallahi. Ina cewa littattafan gaidans nake nema Baba ya ce "Malama zauna ki huta, waɗannan sai an hau tsani," ya sa yaron ya sauko da su daga can saman kanta, ƙura kamar an tono su daga rami, har sai da na yi atishawa. Ya ce shi ɗaliban FCE da na jami'ar Umaru Musa kaɗai ke tambayarsu, su ma sai jarabawa ta matso.

Yawancinsu rubutun malaman jami'o'inmu ne na nan gida, kuma don ɗalibi aka yi su ba don wadda yara ke jira a bakin ƙofa ba. Ma'anar gaidans, bambancinsa da kansilin, tarihin yadda aka sa shi cikin tsarin ilimi na ƙasa na 1977, ra'ayin wane da ra'ayin wane, sai tambayoyi a ƙarshen babi. Na ɗauki ɗaya saboda araha, yana nan cikin durowa ban ƙara buɗe shi ba.

Wanda ya ci mani kuɗi shi ne wani ƙato bugun Amurka, kuɗinsa sai da ya taɓa cefanen sati. Shi kam ba zan yi mashi butulci ba, babin sauraro kaɗai ya biya ni. Mu malamai an san mu, yarinya ba ta rufe baki ba mun fara nasiha, ki ji tsoron Allah, ki dage da karatu, ki daina bin ƙawaye. Littafin ya ce ka yi shiru, ka yi tambayar da ba a amsa ta da e ko a'a, ka maimaita ma yaro abin da ya faɗa don ya san ka ji shi. Na gwada da wata 'yar SS2 da aka turo mani wai barci take a aji. Da a da ne faɗa zan yi mata in sallame ta. Na ce mata ya dare yake wuce maki a gida, na kama bakina, cije leɓe nake don kar in yi magana, ta daɗe tana murza bakin hijabinta sannan ta ce ita ke jinyar kakarta, sai asuba take samun runtsawa. To wannan wace nasiha za ka yi mata? Ya kuma yi bayanin riƙe sirri da inda sirrin ke tsayawa, wato in ran yaro ko lafiyarsa na cikin haɗari dole a sanar da na gaba, kuma tun farko ake gaya ma yaro haka don kar ya ga an ci amanarsa.

Amma sauran babukan sai ka ce labarin wata duniya. Wai ka tura yaro wajen likitan ƙwaƙwalwa na makaranta, ka aika ma iyaye saƙon imel, ka ware ma kowane ɗalibi lokacinsa duk sati. Ni kaɗai ce fa a makaranta guda kuma ban ajiye Bayoloji ba. Babu inda ya san yarinyar da aka kawo kuɗin gaisuwarta tana SS1, ko wadda kawunta ne mai yanke magana ba babanta ba, ko wadda kuɗin NECO ya gagara. Na tambayi Baba ko akwai na Hausa ko da ƙarami ne wanda zan ba iyaye su karanta, ya yi dariya ya ce "'yata in kin rubuta ki kawo in sayar maki." Fastocin shaye-shayen da ke wurin ma hotunan Turawa ne da allura, alhali mu abin da ke damunmu kwalaben maganin tari ne da ƙwayoyi, duk da gwamnati ta hana kodin tun 2018.

Abin da ya fi komai amfani a shagon nan ba littafi ba ne, yaron nan ne da firintarsa. Na ce mashi ina son haɗin darussan JAMB na kowane kwas, nan take ya shiga shafinsu ya ciro, ya buga mani iya na makarantun da yaranmu ke nema, Umaru Musa, Dutsin-Ma, Al-Qalam, Bayero, ABU, da Hassan Usman Poli, ya haɗa ya ɗinke da bango mai roba. Nan ne yaranmu ke faɗawa rami ba su sani ba. JAMB darasi 4 ake rubutawa, Turanci dole, maki 400 ne duka, kuma sauran ukun kwas ɗin ne ke zaɓa maka ba kai ba. Mai son likita ko nas sai Fiziks, Kemistiri da Bayoloji. Injiniya sai Lissafi, Fiziks da Kemistiri. Lauya sai da Adabin Turanci, ga shi yara da yawa gudunsa suke. Sannan kiredit 5 a WAEC ko NECO har da Turanci, masu kimiyya kuma har da Lissafi. Wata ta zo mani da murna ita nas za ta zama, na duba fom ɗinta ashe ajin At take ba na kimiyya ba tun SS1, ƙawarta ta bi, babu wanda ya zaunar da ita bayan JSS3. Yanzu na rubuta haɗin a manyan kwalaye da alƙalamin maka na manna a bango, na ƙara da maganar NIN, don ba a rijistar JAMB sai da ita kuma in sunan da ke jiki ya saɓa da na makaranta wahala ce.

Na kuma sayi rijista mai bango mai tauri da fayil-fayil da ƙaramin kwaɗo. Ba na rubuta sunan yarinya a rijistar, lamba nake ba kowa, sunayen suna wani ɗan littafi a jakata, don ɗakin nan har yanzu masu shara na shiga ɗaukar tsintsiya.

Ƙorafina kuwa, sai da na kai tsakiyar ƙaton littafin nan na ga ashe kwafi ne ba na asali ba, wasu shafuka a juye, babin rasuwar iyaye da yadda ake lallashin yaro ya tsallake kusan rabi, kuma shi na fi buƙata a satin. Na koma da shi Baba ya ce kaya in sun fita ba su dawowa, haka shi ma aka kawo mashi daga Kano. Na ce Baba ai da sai a faɗa mani tun farko, kuɗin na asali fa na biya. Ya dai ba ni haƙuri ya ƙara mani kwali biyu kyauta, raina bai so ba amma dattijo ne na yi shiru. Duk wanda zai je ya zauna ya buɗe littafi shafi-shafi kafin ya biya, ya kuma riƙe tsabar kuɗi don POS ɗinsu sai an ɗora maka kuɗin caji, in NEPA sun ɗauke kuma bugun takarda sai an jira a tada janareto.

Zan koma dai, don yaron ya ce in turo mashi jerin kwasa-kwasan kwalejojin ilimi da na Poli ta Daura zai buga mani kafin a fara sayar da fom ɗin JAMB, kuma akwai canjina a hannunsa.