VPN, Tor ko Tails: wanne ya dace ka damƙa wa sirrinka?

A watan Yunin 2021, lokacin da gwamnatin Najeriya ta dakatar da Twitter, mutane da dama da ba su taɓa jin kalmar VPN ba sun wayi gari da ita a wayoyinsu. An ɗage takunkumin a Janairun 2022, amma manhajojin sun zauna, kuma wani tunani ya zauna tare da su: wai duk wanda ya kunna VPN ya ɓace, babu mai ganinsa. Ba haka abin yake ba. Tsallake shinge daban, ɓoye ko wane ne kai daban, kuma abin da ya iya na farkon ba lallai ne ya iya na biyun ba.

Don haka kafin ka sauke wata manhaja ko ka fitar da ko kwabo, ka tambayi kanka: wa nake so kada ya gan ni? Mai Wi-Fi na otal ko na makaranta ne? Kamfanin layinka ne, wanda ya san sunanka da hotonka tunda an haɗa layin da lambar NIN? Shafin da kake ziyarta ne? Ko kuwa wani mai ƙarfi ne da zai iya sa kotu ta tilasta wa kamfani ya miƙa bayananka? Ɗalibin da ke son buɗe shafin da aka toshe ba buƙatarsu ɗaya ba da ma'aikaciyar asibitin da ta ga ana karkatar da magunguna, tana son sanar da ɗan jarida ba tare da ta rasa aikinta ba. Idan ɗalibin ya zaɓi abu mara kyau, ya yi asarar data. Idan ita ta zaɓi mara kyau, abin da za ta rasa ya fi haka nesa ba kusa ba.

Mu fara kawar da abu ɗaya daga hanya. Shafin Incognito da ke cikin Chrome ba ya ɓoye ka daga kowa a waje. Abin da yake yi kawai shi ne ƙin ajiye tarihin bincikenka a cikin wayar. Kamfanin layi yana ganin inda ka shiga, shafin ma yana ganin adireshin IP ɗinka, wato lambar da ake gane layinka da ita a intanet. Yana da amfani idan ka ari wayar wani, iyakarsa ke nan.

VPN na kyauta

Wannan ne ya fi yawa a wayoyin mutanenmu, kuma shi ne ya fi damuna. Yadda VPN ke aiki ba shi da wuyar fahimta: yana kulle duk abin da ke fita daga wayarka, ya kai shi wata saba, wato babbar kwamfuta, ta kamfanin VPN ɗin, daga can ne yake fita zuwa intanet. Kamfanin layinka ba ya ƙara ganin shafukan da kake shiga. To amma wanda ke da sabar yana gani. Ba a kawar da mai leƙe ba, an sauya shi ne kawai. Ka ɗauke amanarka daga kamfanin da aƙalla ka san ofishinsa, ka ba wani da ba ka san ko a wace ƙasa yake ba.

Saba tana cin kuɗi, wutar lantarki tana cin kuɗi, ma'aikata suna karɓar albashi. Idan ba kai ke biya ba, daga wani wuri kuɗin ke fitowa. A 2015 aka gano cewa Hola, wadda miliyoyin mutane ke amfani da ita kyauta, tana sayar da hanyar intanet ta masu amfani da ita ga wasu, ta yadda baƙo zai yi abin da ya ga dama da adireshinka. Onavo, mallakar Facebook, ana tallata ta a matsayin kariya alhali tana tattara bayanan irin manhajojin da mutane ke buɗewa. An cire ta daga shagon Apple a 2018, aka rufe ta a 2019. Wani bincike na 2016 da hukumar kimiyya ta Ostireliya, CSIRO, ta shiga ciki ya duba manhajojin VPN 283 na Android, ya tarar kashi 18 cikin ɗari ba sa ma kulle bayanan kwata-kwata, kashi 38 kuma suna ɗauke da alamun mugun ƙulli na cutar da waya. Duk manhajar da ke cika maka fuska da talla, tana kuma neman izinin shiga lambobin wayarka da hotunanka, ka cire ta yau.

Akwai togiya guda da na yarda da ita: tsarin kyauta na Proton VPN, kamfanin da ke Suwizalan. Ba ya ƙayyade data, ba ya sa talla, kuma masu biyan kuɗi ne ke ɗaukar nauyinsa. Ba za ka sami zaɓin ƙasashe yadda kake so ba, wani lokaci kuma yana da nauyi, amma ka san daga ina abincinsa ke fitowa.

VPN na kuɗi

A nan kowa zai ce maka ba ya ajiye bayanan kowa. Faɗa ba ta da wuya. A 2011 kamfanin HideMyAss ya miƙa bayanan da suka taimaka aka kama wani mai kutse na ƙungiyar LulzSec, a 2017 kuma bayanan PureVPN suka taimaka wa hukumar FBI ta Amurka a wata shari'a, duk da cewa kamfanin yana tallata kansa da rashin ajiye bayanai. Ba kare waɗanda aka kama nake yi ba. Abin lura shi ne bayanan suna nan a ajiye, kuma abin da ke ajiye ana iya karɓarsa, ko a kan mai laifi ko a kan mai gaskiya.

Shi ya sa nake auna kamfani da abin da ya faru ranar da aka gwada shi. A watan Afrilun 2023 'yan sandan Suwidin sun je ofishin kamfanin VPN na Mullvad da ke Gothenburg da takardar bincike, suka koma hannu rabbana, domin babu bayanan masu amfani da za a ɗauka. Mullvad ba ya tambayar suna ko imel; lamba kawai yake ba ka, kuɗinsa Yuro 5 a wata tun 2009, har ma yana karɓar tsabar kuɗi a cikin ambulan. Ga mai zama a Kano ko Maraɗi, wahalar tana wajen biya, tunda katin banki na gida ba koyaushe yake wucewa a shafukan waje ba, kuma da zarar ka biya da kati sunanka ya shiga lissafi. Ka duba abu uku kafin ka biya kowa: wane ne ainihin mai kamfanin (ExpressVPN, CyberGhost da Private Internet Access duk na kamfani ɗaya ne, Kape), ko wasu masana daga waje sun binciki ikirarinsa sun wallafa sakamakon, sannan ko yana da makunnin da ke yanke intanet nan take idan VPN ɗin ya faɗi, don kada adireshinka ya fita ba ka sani ba. Kada ka yarda a ja ka da rangwamen shekara biyu ko uku. Sayi wata ɗaya ka gani tukuna.

VPN mai kyau yana da sauri, yana ɗaukar bidiyo da kiran murya, yana kare ka a Wi-Fi na jama'a. Don harkar yau da kullum ya wadatar. Don ɓoye suna daga mai ƙarfi, bai kai ba.

Tor

Abin da ya fi duka ƙarfi a wannan fage ba a sayar da shi, kyauta ne. Tushensa ya fito ne daga ɗakin binciken sojojin ruwan Amurka a tsakiyar shekarun 1990, aka fara sakin sa a 2002, kuma tun 2006 wata ƙungiya mai zaman kanta, Tor Project, ke kula da shi. Na san wannan asali yana sa wasu ɗar-ɗar, kuma tambaya ce mai kyau. Amsar ita ce rubutun manhajar a buɗe yake, masana a duniya suna tona shi shekara da shekaru, kuma tsarin ba ya buƙatar ka amince da kowa shi kaɗai.

Ga bambancin. VPN kamar ka ba ɗan aike ɗaya wasiƙa ne, ya san ka, ya san wanda za a kai wa. Tor kuwa 'yan aike uku ne: na farko ya san ka amma bai san inda wasiƙar za ta ba, na tsakiya bai san ko ɗaya ba, na ƙarshe ya san inda za ta amma bai san daga wa ta fito ba. Waɗannan 'yan aike kwamfutoci ne da saƙonka ke yada zango a kansu, zangunan kuma dubbai ne, 'yan sa-kai ke gudanar da su a ƙasashe daban-daban. Burauzar Tor kuma an gina ta ne yadda masu amfani da ita za su yi kama da juna, don kada shafi ya gane ka ta girman allonka ko irin rubutun da ke kwamfutarka, abin da VPN ba ya taɓawa sam. Idan ka rufe ta, tarihin ya goge.

Akwai farashin da ba na kuɗi ba. Tana da nauyi, musamman inda sabis ke rawa. Shafuka da yawa za su dame ka da gwajin nan na zaɓen hotunan motoci da fitilun hanya, wasu su ƙi buɗewa gaba ɗaya. Kada ka shiga asusun bankinka da ita, domin banki zai ga kamar daga Jamus ko Holan ake taɓa kuɗinka, ya iya kulle asusun. Zangon ƙarshe kuma yana iya karanta abin da ba a kulle ba: a 2007 wani mai bincike ɗan Suwidin, Dan Egerstad, ya kafa irin waɗannan zanguna ya tattara kalmomin sirrin imel kusan 100 na ofisoshin jakadanci da na gwamnatoci. Yau yawancin shafuka suna da https a farkon adireshinsu, alamar cewa an kulle bayanan, amma ka riƙa dubawa.

Abu mafi muhimmanci: kamfanin layinka ba ya ganin inda ka je, amma yana ganin ka shiga Tor. A Disambar 2013 wani ɗalibi a jami'ar Harvard ya aika saƙon ƙarya na barazanar bam ta Tor don ya kauce wa jarrabawa. Ba a fasa Tor ba. An duba ne kawai wa ya shiga Tor ta Wi-Fi na jami'ar a wannan lokacin, sai ga shi. Idan kai kaɗai ne mai amfani da ita a ofishinku, kada ka taɓa aika abu mai haɗari daga intanet ɗin ofis. Akwai abin da ake kira gada, irin su obfs4 da Snowflake, da ke sauya kamannin zirga-zirgar don kada a gane Tor ce. Suna cikin saitin burauzar.

Kada kuma sunan da aka laƙaba mata na matattarar miyagu ya tsorata ka. Miyagu suna ciki, gaskiya ne. Amma Facebook ya buɗe adireshinsa na .onion, wanda ta Tor kaɗai ake shiga, a 2014, New York Times a 2017, BBC a 2019, kuma manyan gidajen jaridu suna karɓar takardun masu fallasa ta SecureDrop, wanda a kan Tor yake tafiya. A Android akwai burauzar Tor ta asali. A iPhone sai dai Onion Browser, wadda ba ta kai ta asalin ƙarfi ba saboda ƙa'idojin Apple.

Wata manhajar, Psiphon, da aka fara a jami'ar Toronto a 2006, gwana ce wajen tsallake toshiya, amma masu ita da kansu ba sa cewa tana ɓoye suna. I2P kuwa, wata hanyar ɓoye suna mai kama da Tor da ke nan tun 2003, an gina ta ne don shafukan da ke cikinta, ba don yawon intanet na yau da kullum ba. Idan ba ka san dalilin da zai sa ka buƙace ta ba, ba ka buƙatarta.

Tails, ga wanda abin ya kai wuya

Ga ma'aikaciyar asibitin nan, ko ɗan jaridar da ke riƙe da takardun da za su iya jefa wani cikin haɗari, burauza kaɗai a kwamfutar da ake aikin yau da kullum ba ta isa ba, domin kwamfutar ma tana iya ɗauke da manhajar leƙen asiri. Tails cikakken tsarin kwamfuta ne da ake zubawa a filash mai aƙalla gig 8. Ka soka shi, ka kunna kwamfutar daga kansa, duk abin da ya fita ta Tor zai bi, ka kashe ka zare, kwamfutar ba ta riƙe komai ba. Da shi 'yan jaridar da suka yi aiki da Edward Snowden, wanda ya fallasa leƙen asirin gwamnatin Amurka, a 2013 suka yi amfani, kuma a 2024 ya haɗe da Tor Project. Kuɗinsa kuɗin filash ne kawai, sai haƙurin koyo na yini ɗaya ko biyu. Ba ya aiki a waya.

Akwai abin da duk waɗannan ba za su yi maka ba. Idan ka shiga Facebook da sunanka ta Tor, Facebook ya san kai ne. Idan hoton da ka tura yana ɗauke da bayanin wurin da aka ɗauke shi, ya tona ka. Salon rubutunka, ko wani bayani da mutum uku kacal suka sani a ofis, ya isa a gane ka. Manhajar aika saƙo ta Signal tana kulle saƙo sosai, amma da lambar waya ake buɗe ta. Idan kuma aka kashe sabis ɗin gaba ɗaya, kamar yadda aka yi a Zamfara a Satumbar 2021 ko a yankunan masu Turancin Ingilishi na Kamaru a 2017, babu VPN ko Tor da zai yi aiki, tunda dukansu a kan layi suke hawa.

Ni dai a wayata VPN ɗaya na yarda ya zauna don Wi-Fi na waje, burauzar Tor kuma tana gefe don binciken da ba na so a haɗa da sunana, kamar na rashin lafiya ko na shari'a. Duk wanda za ka ɗauka, kada ka karɓe shi ta Xender ko a wajen masu tura manhajoji a kasuwa, domin an sha yaɗa jabun burauzar Tor da aka cusa wa abin sata. Ka sauke daga torproject.org ko tails.net kai tsaye. Idan shafin a toshe yake inda kake, ka aika imel zuwa gettor@torproject.org, za su turo maka wata hanyar saukewa.